Yatsa Biyu a Kan Taswira

Ran Laraba takardar ta iso a kan babur.
Lawali na ofishin magajin gari ya miƙo min,
yana fifita da hularsa.
Ya ce shawara ce, ba ta zama doka ba tukuna:
lakwal uku za su koma ɗaya,
Rijiyar Kanta, Tudun Gawo, da tamu ta Kukar Baraka.
Direkta ɗaya, rajista ɗaya, tuta ɗaya.
A ji bakin iyaye
kafin majalisa ta zauna a Damagaram.

Na shimfiɗa taswirar a kan teburina
mai ƙafa uku da dutse.
Daga nan zuwa Tudun Gawo yatsa biyu ne,
ko farce bai cika ba.

Da asuba na hau keke na je na auna.
Kilomita bakwai.
Biyu a ciki rairayi ne, sai da na sauka na tura.
Ga ƙarangiya, ga ƙoramar da mai taswira bai san da ita ba,
wadda ke barci wata takwas
ta farka daidai watan jarrabawa.

Amma kada in ci amanar alƙalami:
na ga ajinsu.
Siminti, kwano, famfo a tsakar gida,
allon da ba ya cin alli.
Na tsaya a bakin taga kamar baƙon biki.
Mu ajinmu zana ce.
Ba ma fara karatu sai an gama girbi an ba mu kara,
iskar farkon damina ta zo ta karɓi abinta.
Aji biyu nake koyarwa da baki ɗaya,
ina juya wa rabi baya don in fuskanci rabi.

Ran Asabar muka taru gindin tsamiya.
Tsoho Sala'u ya gyara rawani, ya ce,
hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Falmata ta amsa daga bayan maza:
Gaskiya ne, baba,
amma jinka ba ta taka kilomita bakwai da cikin wofi.
Ta ɗaga ƴarta Gaji sama, shekara shida,
ta ce ku dubi ƙafafun nan, sannan ku ɗaga hannu.
Tanimun ya ce nasa ɗan yana kai awaki nesa da haka,
gara ya gaji a hanya ya zauna a kan benci.
Hurera mai awara ba ta ce komai ba,
tana dai lissafi da yatsu cikin zani.

Ashirin da uku suka ƙi.
Goma sha bakwai suka yarda.
Saura sun tashi da kiran magariba.

Ni ba a tambaye ni ba, na kuwa gode.
Don in an haɗe, sunan direkta zai bar ni,
da ƴan jikkunan da ke biye da shi.
Na binciki zuciyata da fitila cikin dare,
na kasa rabe inda tausayin Gaji ya ƙare,
inda aljihuna ya fara.

Na rubuta rahoto yadda aka yi,
ban ƙara gishiri ba.
Sai dai na ɗauki jan biro, na gyaran jarrabawa,
na ja layi mai karkata a kan taswirarsu,
na rubuta a gefe: a nan akwai ruwa.
Wanda zai sa hannu ya zo a watan shida,
ya zo da takalmin da ba ya so.

Lawali ya tafi da ita ran Litinin.
Ƙarar baburinsa ba ta gama ɓacewa ba
Gaji ta ɗauki guntun ƙarfe,
ta yi ɗage, ta bugi tsohon gangar taya
da ke rataye a reshen bedi.
Yara suka fito daga lunguna, wasu da tuwo a hannu.
Na duba agogo.
Ta riga lokaci da minti huɗu.
Na ƙyale.